Haruffa masu lanƙwasa da masu zana su

A shagunan buga katin biki da allunan talla na Gusau, akwai matsalar da mai aikin kwamfuta ya saba da ita. Ya zaɓi salon rubutu mai ƙayatarwa, ya rubuta Ƙaura Namoda ko Ɗansadau, sai harafin farko ya fito ɗan akwati fanko, ko ya fito siriri a tsakiyar haruffa masu kauri. Mai kati yana tsaye yana jira, don haka akan share lanƙwasar kawai, a buga K da D, kowa ya kama gabansa.

Laifin ba na injin ba ne. Kowane salon rubutu mutum ne ya zauna ya zana shi harafi bayan harafi, kuma da yawan masu zanen ba su taɓa jin labarin ɓ, ɗ da ƙ ba, duk da cewa tun shekarun 1930, zamanin Rupert East a Zariya, haruffan suka zauna a rubutun boko.

An yi yunƙurin magance matsalar a baya. A shekarun 1980 Bajamushen nan Hermann Zapf ya sa hannu a zanen salon Pan-Nigerian, don harsunan Nijeriya. Yanzu kuwa 'yan ƙasa sun shigo: a 2024 rumbun Google Fonts ya karɓi Ojuju na Chisaokwu Joboson, da Danfo, wanda aka ɗauko daga rubutun jikin motocin haya na Legas.

Ajami ma ya samu rabonsa. Becca Hirsbrunner Spalinger ta nazarci rubutun hannu irin na Kano, mai kaurin tawada kamar na littattafan da ake sayarwa a bakin masallaci, ta fitar da salon Alkalami, ƙungiyar SIL ta sake shi kyauta a 2017. Akwai kuma salon Harmattan da na Ruwudu.

Kayan dai suna nan, amma a warwatse. Mai shago a Tsafe ko Bunguɗu ba shi da lokacin gwada ɗaruruwan salo ɗaya bayan ɗaya. Abin da zai amfane shi jeri ne tacacce: sunan mai zane, sharaɗin amfani, da tabbacin an gwada manya da ƙananan haruffa, har da ƴ ta mutanen Nijar. Wannan gwajin shi ne aiki mai wuya, domin wani salon yana da ƙ amma ƙugiyarta ta yi ƙanƙanta, da an rage girman rubutu sai ta ɓace a takarda.