Muzurun Daji: Ɓarawon Akurki, Mai Gadin Rumbu

A ƙauyukan Karaye da Rogo, idan uwargida ta buɗe akurki da safe ta tarar da gashin kaza a warwatse, ba sai ta nemi mai duba ba. Sawun zai gaya mata: ƙarami, zagayayye, yatsu huɗu, babu alamar farce. Kare da dila kan bar shatin farce a ƙasa. Muzuru kuwa nasa a naɗe suke sai lokacin aiki.

Wanda ya gan shi da magariba a bakin fadama zai ɗauka na gida ne ya fito shan iska. Sai an lura ake ganin bambancin. Ƙafafunsa sun fi tsawo, jikinsa ruwan ƙasa ne da ratsi-ratsi marasa kaifi, bayan kunnuwansa ja-ja, wutsiyarsa da zobba, ƙarshenta baƙi. Nauyinsa kilo 3 zuwa 6. Macen kan yi cikin wata biyu, ta haifi biyu ko uku a kogon itace ko tsohon rami.

Wannan kama da magen gida ba ta banza ba ce. A shekarar 2007 binciken ƙwayoyin gado da Carlos Driscoll ya jagoranta ya nuna cewa duk magen gida a duniya daga wannan jinsi ta fito. A tsibirin Saifurus an tono kabarin da ya kai shekara 9,500, mutum da kyanwa kusa da juna. Hatsi ne ya haɗa su: inda aka tara tsaba ɓera zai zo, muzuru kuma ya biyo shi.

Har yau cinikin bai canza ba. Gonakin masara da dawa daga Zarewa zuwa Fulatan, da noman rani a gefen madatsar Challawa da aka kammala a 1992, duk ɓeraye suke kiwatawa, su ne kuma abincinsa na kullum. Kaza lasa ce kawai. Amma Bahaushe da lasar ya riƙe shi. Ya ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Wanda ya nemi gafara alhali bai daina ba kuwa, an ce ya yi tuban muzuru, kaza a baki.

To, idan ya saba da akurki fa? Guba takan kashe karen maƙwabci har da angulu. Tarkon ƙarfe yakan karya ƙafar ɗan akuya, ko ta yaro. Tarkon akwati ne ke kama shi da rai, kuma idan magen wani ce ta faɗa, a buɗe mata ta tafi.

Maharban Amurka sun daɗe suna amfani da irinsa wajen kama bobkat, kyanwar dajinsu mai guntuwar wutsiya wadda ta ninka tamu girma. Abin da suka gano zai yi wa mai walda ko kafinta a Karaye amfani. Tsayin akwati ya fi faɗinsa muhimmanci, don kyanwa ba ta ƙin matsatsi amma ba ta son shiga a duƙe. Ga namu, tsawon santimita 80, faɗi 25, tsayi 35 ya wadatar. A yi firam da rodi ko katako, a lulluɓe da ragar waya mai ƙarfi. Ƙofar ta zama mai zamewa daga sama, a rataye da ƙusa. Daga ƙusar waya ta tafi ga wani faifan katako can ciki. Yana taka faifan, ƙusa ta zare, ƙofa ta faɗo.

Sauran aikin dabara ce. A baje ƙasa a kan ragar ƙasan, don tafinsa ba ya son waya. A rufe gefe da kara, a bar baya a buɗe ga haske ya ga kamar hanya ce mai ɓullewa. Da ido da kunne yake farauta fiye da hanci, saboda haka fiffiken zabo da aka rataye da zare, iska na kaɗa shi, yakan jawo shi kafin warin kayan cikin kaza da aka sa a tarkon.

Da asuba ake duba tarko. Malamai kan tunatar da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ci ba saki. Ba a sa hannu, don wannan ba kyanwar Lami ba ce, cizonsa na iya ɗauke da ciwon haukan kare. A jefa buhu a kan akwatin ya natsu, a kai shi daji nesa da gari. Idan mace ce nononta a cike, 'ya'yanta na kusa, a sake ta a inda aka kama ta. Daga nan a koma kan akurkin, a toshe duk kafar da dunƙulen hannu zai shiga, a riƙa rufe kaji tun kafin kiran magariba.