Barcin Aro: Faɗakarwa Kan Ƙwayoyin Barci

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke hana mutanen Tamale runtsawa, ko kuma idan bashi ya tsaya wa mutum a rai, akan samu mai ba da shawarar cewa a haɗiyi ƙwaya ɗaya ta diazepam, wadda aka fi sani da Valium ko D5. Maganin na gaskiya ne, tun 1963 kamfanin Roche ya fito da shi, kuma har yau likitoci na amfani da shi wajen tsayar da jijjiga da kwantar da fargaba mai tsanani. Amma barcin da yake bayarwa aro ne, wanda ya daɗe yana ci kuwa sai ya biya da lafiyarsa.

Dalilin yana cikin yadda ƙwayar ke aiki. Ƙwaƙwalwa tana da wani sinadari mai suna GABA wanda yake mata aikin birki, diazepam da danginsa irin su lorazepam da bromazepam kuma ƙara taka birkin suke yi. Idan aka ɗauki makonni ana sha kullum, sai ƙwaƙwalwa ta saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu. Ranar da ba a sha ba, rashin barcin ya dawo fiye da da, ga rawar hannu da gumi da faɗuwar gaba. Sannan diazepam yakan wuce kwana guda bai bar jiki ba. Mai tuƙa keken haya na yalo-yalo da ya sha da dare zai shiga cunkoson kasuwar Aboabo da safe idonsa a buɗe, amma ƙafarsa ta makara wajen taka birki. Tsohuwar da ta tashi alwalar asuba jiri na iya kayar da ita a bakin randa, ta karya ƙugu.

Wani zai ce ai likita ne ya rubuta masa, don haka babu abin tsoro. Takardar likita tana da wa'adi. Tun 1988 hukumar kula da lafiyar magunguna ta Birtaniya ta ce kada a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan irin waɗannan ƙwayoyi, a 2020 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta tilasta a rubuta gargaɗin kamuwa da su a takardar kowane kwali. Wanda yake kai tsohuwar takarda kyamis wata bayan wata, ko ya gutsura wa maƙwabci daga nasa, ya riga ya fita daga umarnin likitan. Mafi muni shi ne haɗa su da tramadol ko giya ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Gana ta haramta a 2018, domin haɗin yana rage numfashi har mutum ya zarce daga barci.

Wani kuma zai ce ina likitan yake, tunda manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na ƙasar, na Akara da Pantang da Ankaful, duk a kudu suke? Wannan ƙorafi gaskiya ne, amma bai mayar da mai kyamis likita ba, lasisinsa ma bai ba shi damar sayar da wannan magani ba. Asibitin Koyarwa na Tamale yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma nas-nas masu wannan horo a asibitocin gundumomi. Zuwa wurinsu ba ya nufin hauka. Sau da yawa rashin barci alama ce ta wani abu daban, kamar ciwon damuwa ko ciwon jiki, ko cin goro da shan ataya har tsakar dare, kuma ƙwaya ba ta warkar da ko ɗaya daga cikinsu.

Wanda ya riga ya saba da ƙwayar kada ya yar da ita dare ɗaya, domin yankewa farat ɗaya na iya jawo jijjiga mai kisa. Ya ɗauki kwalin ya je asibiti, ya faɗi gaskiyar adadin da yake sha, a riƙa rage masa kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni. Wanda bai fara ba kuwa, kafin ya karɓa ya tambayi likita ranar da zai daina.