Game of Thrones: Ina shirin talabijin ya rabu da littafin da ya haife shi?

Tun watan Mayun 2019 da tashar HBO ta Amurka ta nuna kashin ƙarshe na Game of Thrones, masu kallo da masu karatu ba su daina musu a kan tambaya ɗaya ba: shin labarin da aka gani a talabijin shi ne wanda George R. R. Martin ya rubuta? A farko kusan shi ne. Daga tsakiya hanyoyin suka rabu, a ƙarshe kuma shirin ya wuce inda littafin ya tsaya. Wanda bai kalla ba ko bai karanta ba ya sani cewa wannan bayani zai tona wasu sirrin labarin. Haka kuma shirin da littafin duka na manya ne, domin akwai zubar da jini da tsiraici a cikinsu.

Littattafai biyar, zango takwas

Martin, marubuci ɗan Amurka da aka haifa a 1948, ya sa wa jerin littattafansa suna A Song of Ice and Fire, wanda masu karatu da Faransanci suka sani da Le Trône de fer. Na farko, A Game of Thrones, ya fito a 1996, na biyu a 1998, na uku a 2000, na huɗu a 2005, na biyar kuma a 2011. Ya yi alkawarin ƙarin biyu, The Winds of Winter da A Dream of Spring.

Labarin ya shafi manyan gidajen sarauta na wata nahiya ta ƙage, Westeros, da ke kashe juna a kan karagar mulki, alhali wata halaka tana tasowa daga ƙasar ƙanƙara ta arewa. Martin ya ɗebo abubuwa da yawa daga tarihi, musamman yaƙin gadon sarauta da aka yi a Ingila a ƙarni na 15 tsakanin gidan York da na Lancaster. Ya kuma ambaci Les Rois maudits na Maurice Druon, labarin sarakunan Faransa, a cikin ayyukan da suka yi masa tasiri.

Shirin talabijin, wanda David Benioff da D. B. Weiss suka jagoranta, ya fara a Afrilun 2011. An yi zango 8, kashi 73. An ɗauki hotunansa a Ireland ta Arewa da Kuroshiya da Sifaniya da Iceland da Malta, har da Maroko, inda Essaouira da Aït Benhaddou suka fito a matsayin biranen cinikin bayi da Daenerys Targaryen ta ci da yaƙi.

Littafi yana shiga zuciya, kyamara tana tsayawa a fuska

Babban bambancin yana cikin tsarin ba da labari. Kowane babi na littafin yana ɗauke da sunan mutum ɗaya, kuma mai karatu ba ya ganin komai sai abin da wannan mutum ya gani, ba ya jin komai sai abin da ke cikin ransa. A littafi na farko, ban da gabatarwa, mutum takwas ne ke da irin waɗannan babobi. Saboda haka mai karatu yakan ji jita-jita da ƙarya da mafarki, sannan ya tantance gaskiya da kansa.

Kyamara ba ta iya nuna tunani, don haka shirin ya yi asarar abubuwa. Jaime Lannister misali ne: a littafi na uku aka fara shiga zuciyarsa, mai karatu ya gane dalilin da ya sa ya kashe sarkin da ya rantse zai kare. Shirin ya isar da wannan ta bakinsa, amma dogon kokawar da yake yi da lamirinsa ta ragu ƙwarai.

Sai dai kyamara ma tana da nata ƴanci. Tana zuwa inda babu mai ba da labari a littafi. Robb Stark ba shi da babi ko ɗaya. Ta idon mahaifiyarsa Catelyn ake ganinsa, yaƙe-yaƙensa kuma galibi labarinsu ake ji. Shirin ya bi shi har sansani. Hirar da Sarki Robert ya yi da matarsa Cersei a kan mutuwar aurensu a zango na farko babu ita a littafi. Haka zaman Arya tana yi wa Tywin Lannister hidima a Harrenhal: a littafi Roose Bolton ta yi wa aiki. Masu karatu da yawa sun yaba wa waɗannan ƙari.

An ƙara wa yara shekaru

A farkon littafi Daenerys tana da shekara 13, Robb da Jon Snow 14, Sansa 11, Arya 9, Bran kuma 7. Shirin ya ɗaga shekarunsu duka, domin akwai abubuwan da ke samun su waɗanda doka da hankali ba za su bari a nuna da ƙananan yara ba. Wannan ya sauya yadda ake fahimtar kurakuransu. Yaro ɗan shekara 16 da ya karya alkawarin aure, ya jawo wa rundunarsa halaka, abin tausayi ne. Gwarzo mai gemu da ya yi hakan, sai a ce son zuciya ne ya ja shi.

Auren Robb ɗin ma an canza shi. A littafi ya auri Jeyne Westerling don kare mutuncinta, kuma ba ta halarci bikin da aka yi masa kisan gilla ba, tana nan da rai. A shirin matarsa Talisa ce, wadda ya aura don soyayya, aka kuma kashe ta tana da juna biyu a wurin bikin.

Waɗanda aka cire da waɗanda aka haɗe

Littattafan suna da ɗaruruwan mutane masu suna, kuma kowane ɗan wasa kuɗi ne da lokaci. Shi ya sa aka yi aski. A littafi Catelyn Stark ta dawo daga mutuwa da sunan Lady Stoneheart, tana rataye duk wanda take zargi da hannu a kisan ɗanta. Shirin bai kawo ta ba. Babu Arianne da Quentyn Martell na masarautar Dorne, babu Victarion Greyjoy. Mafi girma, babu saurayin da ake kira Young Griff, wanda ake cewa shi ne Aegon Targaryen, mai haƙƙin karaga fiye da Daenerys idan da'awarsa gaskiya ce. A ƙarshen littafi na biyar ya riga ya sauka Westeros da runduna.

Wani lokaci kuma an ɗora wa mutum ɗaya ƙaddarar wani. A littafi ƙawar Sansa ce, Jeyne Poole, aka aurar wa azzalumi Ramsay Bolton da sunan ita ce Arya, yayin da Sansa ke ɓoye a Vale tana koyon siyasa. A zango na biyar shirin ya sa Sansa da kanta a wannan aure, lamarin da ya jawo suka mai zafi.

Tyrion ma an wanke shi. A littafi ya rasa yawancin hancinsa a yaƙin Blackwater, kuma kafin ya kashe mahaifinsa, Jaime ya tona masa cewa matarsa ta farko, Tysha, da gaske take son sa, ƙarya aka yi masa. Sun rabu da gaba, Tyrion ya tsallaka teku cike da ɗaci da neman fansa. A shirin tabo kawai ya samu, kuma ya rungumi ɗan'uwansa suka yi bankwana lafiya.

Sihiri: an rage annabci, an ƙara dodo

Littafin ya fi yawan mafarkai da annabce-annabce. Jon da Arya ma suna shiga jikin kyarketansu a mafarki, alhali shirin ya bar wannan baiwa ga Bran kusan shi kaɗai. Wahayin da Daenerys ta gani a birnin Qarth, wanda masu karatu suka shafe shekaru suna fassarawa, an taƙaita shi sosai. A gefe guda shirin ya ƙirƙiro wa halittun ƙanƙara shugaba, Night King, domin mai kallo ya samu fuskar da zai tsana. A littattafan da suka fito ba a nuna musu wani shugaba ba.

Kuɗi ma ya yi hukunci. A zango na farko, lokacin da kowane kashi ke cin kimanin dala miliyan 6, an sumar da Tyrion kafin a fara wani yaƙi da ya fafata a cikinsa a littafi, ya farfaɗo an gama. Zuwa zango na takwas kuɗin ya kai kimanin dala miliyan 15, aka cika allo da runduna da dodanni masu aman wuta.

Inda littafi ya ƙare

Littafi na biyar ya tsaya ne an daddaɓa wa Jon Snow wuƙa, Daenerys kuma tana cikin daji nesa da birnin Meereen. Stannis Baratheon da ƴarsa Shireen da Barristan Selmy da Margaery Tyrell duk suna raye. Daga zango na shida, a 2016, shirin ya ci gaba ba tare da littafi a gabansa ba. Masu shirin sun ce Martin ya gaya musu wasu manyan abubuwa, kamar ƙona Shireen da asalin sunan Hodor, amma hanyar kaiwa ga ƙarshe tasu ce.

A nan ne matsala ta fito fili. Zango shida na farko kashi goma-goma ne, na bakwai 7, na takwas 6. Tafiyar da a da take cin zango guda ta koma ta ƴan mintuna. Daenerys, wadda aka shafe shekaru ana nuna ta mai ƴanta bayi, ta ƙona birnin King's Landing bayan ya miƙa wuya, Jon ya kashe ta, aka naɗa Bran sarki, duk a cikin kashi biyu. Yawancin masu suka sun yarda cewa ana iya kaiwa ga wannan ƙarshe. Abin da suka ƙi shi ne gaggawar. Mutanen da aka cire tun farko, irin su Young Griff, su ne wataƙila za su ba Daenerys dalilin fushi da ya fi gamsarwa. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke ta intanet suna neman a sake zangon ƙarshe. Duk da haka shirin ya tara kyaututtukan Emmy 59, kuma Peter Dinklage, wanda ya fito a Tyrion, ya samu huɗu.

Me mai karatu da Faransanci ya kamata ya sani?

Wanda zai nemi littafin a Yamai ko Garwa ko Njamena zai iya rikicewa da lissafi. Kamfanin Pygmalion ya raba littattafai biyar ɗin zuwa ƙananan juzu'i 15, yayin da bugun J'ai lu mai suna L'Intégrale ya mayar da su biyar kamar na asali. Jean Sola ya fassara huɗu na farko da salon Faransanci mai kama da na da, wanda wasu ke ganin ya yi nauyi; Patrick Marcel ya fassara na biyar. An kuma fassara sunayen wurare, inda King's Landing ya zama Port-Réal.

Wanda ya kalli shirin yana son ci gaba daga littafi, zai fi masa kyau ya fara daga na farko. Zango na farko ya bi littafinsa kusan sau da ƙafa, amma daga littafi na huɗu mutane da ƙasashe da makirce-makircen da bai taɓa gani a allo ba za su yi yawa, kuma ba zai gane su ba idan ya yi tsallake. Sai dai ya shiga da sanin cewa littafi na biyar bai rufe labarin ba: ƙarshen da aka gani a 2019 na HBO ne, na Martin kuwa yana cikin littattafai biyun da ya yi alkawari.