Takardar da Ke Riƙe da Baƙin Mai

Manomin Kura yakan gane babur ɗinsa ya fara ciwo tun da asuba, kafin ma ya taka kik: ɗigo uku ko huɗu na baƙin mai a zaure, daidai ƙasan injin ta hannun dama. Yawanci sai ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe, ya ɗaura kwandunansa ya wuce. Tumatir ba ya jiran kowa.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya bi kanal ya ratsa Bunkure da Garun Malam da Kura, rani ya daina zama lokacin hutu a wannan yanki. Shinkafa da damina, alkama da albasa da tumatir da rani. Mota ba ta shiga kowane lungun gona, don haka babur ya gaji aikin jaki. Shi ke ɗaukar buhun taki da jarkar fetur da injin ban ruwa, shi ke kai kaya bakin titin Zariya ko kasuwar Kwanar Gafan. Nauyi da taɓo da tafiyar giya ɗaya suna cin farantan kuloci da wuri, shi ya sa bakaniken wannan yanki yake buɗe murfin kuloci fiye da takwaransa na cikin birni.

Tsakanin murfin da jikin inji akwai gaskit, wata siririyar takarda mai tauri da aka yanka daidai da bakin murfin. Kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, kuma da wuya a sami abin da ya fi ta araha a cikin injin. Amma kulocin waɗannan babura a cikin mai yake wanka, kuma a injin Boxer man nan da bai wuce kimanin lita ɗaya ba shi ne dai yake shayar da giya da fistin da komai. In takardar ta saki, mai ya tsiyaye a hankali, wata rana sai inji ya ƙone a tsakiyar gona.

Bakaniken da ya san aikinsa ba ya aiken yaro sayen gaskit da baki kawai. Sunan da ke jikin tanki ba hujja ba ne, domin baburan ƙauye sun sha dashe: gangar jiki ta wani kamfani, inji na wani. Boxer na Bajaj daga Indiya, Jincheng daga ƙasar Sin, ƙananan nan da ake kira roba-roba, kowanne da zubin murfinsa, wasu ma bambancinsu rami ɗaya ne tak. Sai ka ji oga ya ce wa yaronsa, "Ɗauki murfin ka tafi da shi, ka ɗora ta a kai a gaban mai shago." Ramukan noti su hau, ramukan ƙananan bututun nan biyu da ke daidaita murfi su hau. Sannan a duba ramin mai.

Wannan ramin shi ne asirin sana'ar. A injinan roba-roba, masu bin tsarin tsohuwar Honda, mai yana fitowa daga famfo ya bi wata siririyar hanya a cikin murfin kansa kafin ya isa ƙarfen da ke juya inji. Gaskit ɗin da ta toshe wannan hanya ba za ta zubar da ko ɗigo ba. Mai babur zai tafi yana godiya, zaurensa tas, alhali injin yana mutuwa da ƙishi. Na fi tsoron irin wannan gyara a kan wanda ke yoyo, don mai yoyo ko ba komai yana faɗin gaskiya.

Akwai kuma zancen kwali. Tsofaffin hannu sun iya shi: a shafa wa bakin murfi baƙin mai, a kifa a kan kwali, a bi sawun da reza, a huda ramuka. Ban raina wannan basira ba. Ta fitar da mutane da yawa kunya ranar da dare ya yi, shago ya rufe, kaya na jira. Sai dai kwalin madara ba a yi shi don zafin inji ba. Yana shan mai, ya yi laushi, noti su saki. In ya cika kauri kuma, murfin ya ɗan ja baya, wasan kuloci ya sauya. Bakanike mai amana zai ce, "Baba, wannan ta kai ka kasuwa ce, jibi ka dawo a sa ta gaske." Matsalar ita ce Baba ba ya dawowa sai ya sake ganin ɗigo.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gam. Yaran yanzu sun ɗauke shi maganin komai, su lafta shi kamar ana shafa wa burodi bota. Rabin da ya matso waje ana gani a goge. Rabin da ya matsa ciki fa? Ya bushe, ya gutsure, ya je ya zauna a rariyar mai. Sabuwar gaskit a kan baki mai tsabta ɗan giris kawai take so, don gobe ta ɓanɓaru cikin sauƙi.

Sauran aikin haƙuri ne. A kankare tsohuwar takarda ba tare da an yi wa alminiyon rauni da sukudireba ba. A jera notin yadda aka ciro su, tunda tsawonsu ba ɗaya ba ne. A ɗaure su a giciye, kaɗan-kaɗan, ba a gama da ɗaya a koma na kusa da shi ba. Wanda ya nuna ƙarfi a nan zaren ramin zai cinye. Daga nan a zuba mai, a tayar, a bar inji ya ɗauki zafi. Oga ya jawo guntun kwali ya shimfiɗa a ƙarƙashi, ya ce wa mai babur ya je ya yi sallar la'asar ya dawo su duba tare.