Ciwon Wuta a Sabon Babur: Wa Ke da Alhaki a Dar es Salam?

Tun kafin ƙarfe bakwai na safe titunan unguwar Dar es Salam, a arewacin Yamai, sun cika da ƙarar babura. Ma'aikaci ya nufi ofishinsa a Plateau, ɗalibi zai haye gadar Kennedy zuwa Jami'ar Abdou Moumouni, ɗan kasuwa ya ɗaure kwalaye a baya ya kama hanyar Katako, uwa ta ɗora yara biyu za ta sauke su a ƙofar makaranta. A lungunan rairayi da masu taksi ba sa son shiga, moto, kamar yadda mutanen gari ke kiransa, shi ne ƙafar gida. Shi ya sa ake jin nauyi a rai idan aka ga magidanci yana tura sabon babur cikin yashi, ledar kamfani ba ta ma gama fita daga kujerarsa ba. Akwai mai a tanki, taya ba ta yi faci ba, amma an murɗa makulli an taka kik har ƙafa ta gaji, injin ya ƙi tashi. Duk wanda ya tsaya ya yi masa sannu, kalma ɗaya zai faɗa: wuta ce.

A rumfar makanike binciken yakan fara da buji. Makaniken ya kwance shi, ya jingina shi da jikin injin, ya ce wa yaronsa ya taka, shi kuma ya sunkuya yana jiran shuɗin tartsatsi. In bai fito ba, waɗanda ake zargi suna da yawa: bobin da ke haifar da wuta a cikin injin, ɗan baƙin akwatin CDI da ke tsara lokacin tartsatsi, regilata mai daidaita wutar da ke shiga batir, kan makulli, ko wata waya da ta goge a ƙarƙashin tanki. Akwatin CDI a toshe yake da ƙaro, ba a buɗe shi balle a gyara. Abin da ya rage wa makaniken da ba shi da na'urar awo shi ne ya aro na wani babur ya gwada, in bai yi ba ya koma kan na gaba. Ga kuma inda asarar ke ninkuwa: regilata da ta lalace tana tura wuta fiye da kima, ta kashe batir, ta ƙone ƙwayayen fitila. Mai babur ya sayi sabon batir ya ce ya huta, bayan ƴan kwanaki shi ma ya mutu, domin tushen ciwon yana nan. Ciwon ƙarfe kunne na jin sa, ido na ganin sa. Ciwon wuta kuwa sai mai na'ura, kuma a ganina wanda ya sayar da babur ɗin shi ne ya wajaba ya mallaki na'urar, ya ɗauki nauyin binciken.

Abin da ake yawan tararwa a kantin dila ya saɓa wa haka. Ranar ciniki an yi musafaha, an ce akwai garanti, an ba da faktir saboda takardun duwan da lamba, amma ba a rubuta abin da garantin ya ƙunsa ba. Ranar da babur ya dawo a ture sai magana ta canza: wuta ba ta cikin garanti, Malam ya je wurin makanikensa. Ya je, makanike ya feɗe wayoyi, bai gano ba. Ya sake dawowa, sai a ce ai wani hannu ya riga ya taɓa, kanti ya fita. An tura shi inda, da zarar ya je, haƙƙinsa ya faɗi. Wannan rabon aiki na da, dila ya sayar, makaniken bakin titi ya gyara, ya yi amfani shekara da shekaru saboda babur ɗin kansa mai sauƙi ne: kafireta, sarƙa, birki, abubuwan da yaro mai hankali ke ƙwarewa a kai a gaban maigidansa.

Babur ɗin yanzu yana barin wannan zamani a baya. Mafi yawan baburan da ke yawo a Yamai daga Sin da Indiya suke zuwa, kuma ƙasashen biyu sun tsaurara dokar hayaƙi a gida: Sin a kan duk sabon babur da ake sayarwa daga Yulin 2019, Indiya daga 1 ga Afrilun 2020. Sakamakon haka masana'antunsu sun karkata ga tsarin fesa mai na lantarki, mai famfo a tanki da na'urorin auna zafi da iska da ƙaramar kwamfuta da makanikai ke kira ƙwaƙwalwa. Da yawa daga cikin waɗanda ake turowa Afirka har yau masu kafireta ne, amma alƙiblar masana'anta a bayyane take. Irin wannan babur in ya yi ciwo yakan ajiye lambar ciwon a ƙwaƙwalwarsa, sai an jona na'ura ko an san ma'anar ƙiftawar fitilar gargaɗi kafin a karanta. Tarayyar Turai ta hango wannan tun 2013, inda dokarta ta babura ta wajabta wa kamfanoni su buɗe bayanan gyara ga makanikai masu zaman kansu. Makaniken Dar es Salam ba ƙwarewa ya rasa ba, littafi da kayan awo aka hana shi, kuma ƙofar da za su shigo ta ita ita ce kantin dila.

Dila zai ce ba shi ya ƙera ba, shi ma saye ya yi. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Babura da yawa a kwali suke isowa, kuma a ƙofar kanti ake haɗa su: a ɗaura kai da tayar gaba, a jona wayoyin fitila da makulli, a zuba wa batir ruwa. Soket ɗin da ba a danna ya zauna ba, wayar da aka matse tsakanin ƙarfe biyu, batirin da aka ɗora ba a yi masa cajin farko ba, duk a nan ake haifar su. Ashe dila shi ne hannun ƙarshe na masana'anta. Ko da aibin daga can ya taho, shi ne ya san wanda ya sayar masa, shi ke da hanyar mayar da kaya. Malamin makarantar da ya tara albashin watanni ba shi da wanda zai kira a Chongqing ko Pune. Ɗora wa dila alhaki ba baƙon hukunci ba ne. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan unguwa ya haramta ɓoye aibin kaya, ya kuma ba mai saye zaɓin mayarwa idan ya gano tsohon aibin da bai sani ba lokacin ciniki. Dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ta ɗora wa mai sayarwa lamunin ɓoyayyen aibi, sannan doka mai lamba 2015-24 ta 11 ga Mayun 2015 ta shimfiɗa ƙa'idojin kare masu saye. Malami da alƙali a nan bakinsu ɗaya.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: masu babura da kansu suke jawo ciwon. Akwai mai yanke waya ya jona cajar salula, da mai ƙara fitilu da ƙahon mota, da mai kai babur wurin wanki a fesa ruwa mai ƙarfi har cikin soket. Akwai man kwalba na ruwa-ruwa da ke toshe famfo. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga kududdufan damina. Duk wannan ba abin musu ba ne, kuma wanda ya yanke waya da hannunsa ya ɗauki asararsa. Amma ta yaya za a bambance mai laifi da wanda aka zalunta in ba a duba ba? Wayar da aka yanke aka naɗe da salatif ba ta ɓuya, kuma awon regilata da ƙaramar mita aikin mintuna ne. Kantin da ya ƙi dubawa ya yanke wa kowa hukuncin mai laifi. Batun zafi da ƙura kuwa, wanda ya kawo babur Yamai ya san inda ya kawo shi. In wani samfuri ba ya jure wa Sahel, dila ne zai fara ganin haka daga yawan masu dawowa, kuma shi ya dace ya daina odarsa.

Sai maganar kayan gyara da tsada. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 hanyar Kwatano ta Gaya da Malanville ta toshe, kuma ko da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ɗage takunkumin da ta sa wa Nijar a Fabrairun 2024 iyakar ta ci gaba da zama a rufe, kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, da jinkiri da ƙarin kuɗi. Wannan ya isa uzurin jinkiri. Sai dai CDI da regilata a tafin hannu suke zama. Kwantenar da ta iya ɗauko babura ba za ta gaza ɗauko kwali guda na kayan wutarsu na asali ba. Idan an ce garanti zai ɗaga farashi, a tuna mai saye yana biyan kuɗin nan tun yanzu, jika bayan jika, a batirin da bai kamata ya saya ba, a jabun kayan da ba sa kai wata, a kuɗin taksi da ranakun aikin da suka salwanta. Araha ba ta ado. Gara ƙarin da aka sani ranar ciniki da cinikin biri a sama.

Gyaran ba ya buƙatar jiran sabuwar doka. Mai saye ya nemi a rubuta garanti a kan faktir, da lambar shasi da tsawon watanni da ambaton kayan wuta ƙarara, kafin ya ƙirga kuɗi. In ciwo ya taso, kanti zai fara zuwa kafin kowa ya taɓa waya, ya tafi da shaida, ya riƙe duk abin da aka cire. In an ƙi sauraronsa, akwai shugabannin ƴan kasuwa, akwai ƙungiyoyin kare masu saye irin su ADDC-Wadata, akwai kotu. Shi kuma dila ya ajiye mai wayarin guda da mita, ya kira makanikan unguwa ya nuna musu zanen wayoyin samfurin da yake sayarwa, ya amince da aikinsu a cikin garanti. Ribar hakan gare shi za ta koma, domin a Dar es Salam ba a tambayar talla wane babur za a saya. Makanike ake tambaya, da maƙwabci, da abokin fada bayan sallar isha'i. Magidancin nan da ya tura sabon babur cikin yashi a gaban dukan unguwa zai zauna a fadar da daddare, kuma abin da aka yi masa a kanti shi zai faɗa wa ƙaninsa da ke tara kuɗin nasa babur.