Saƙon Ƙwayoyin Jiki: Kada Na Saniya Ya Shiga Namu

Ɗalibai, a wannan mako muna magana kan eksosom, ƙananan ƙunshin saƙo masu girman nanomita 30 zuwa 150 da ƙwayoyin jikinmu ke aika wa juna. Masana na nazarinsu don gano cututtuka irin su kansa.

A ɗakin gwaji, akan ciyar da ƙwayoyin da ake reno da ruwan jinin ɗan tayin saniya. Shi kuma yana ɗauke da nasa eksosom. In ba mu lura ba, na saniya ya gauraya da namu, sakamako ya lalace.

Mafita biyu ce: mu wujijjiga ruwan a na'ura kusan awa 18 har na saniyar ya kwanta, ko mu ba su abinci marar ruwan jini, sai dai wannan kan galabaitar da ƙwayoyin. Don haka mu tantance abincin tun kafin gwaji.