Gyaran tsohuwar Fijo wagon: me za a sauya, me za a bari?

A shekara ta 2006 ne aka daina haɗa motar Peugeot 504 a masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wato shekaru 23 bayan an daina ƙera ta a Faransa.

Kafin wannan lokaci, da wuya mutum ya shiga tashar mota a Paki ko Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi bai tarar da wagon ɗinta mai kujeru layi uku tana lodin Zariya ko Kano ba. Yanzu Golf da Sharan sun karɓe layin. Ragowar Fijo ɗin kuwa, wasu na jigilar buhunan barkono da masara zuwa kasuwannin ƙauye, wasu kuma na kafe a ƙofar gida ana jiran tayin 'yan gwangwan.

Ga wanda ya gaji irin wannan mota, ko ya saye ta da niyyar farfaɗo da ita, abin tambaya shi ne yadda za ta yi daidai da hanyoyin yau ba tare da ta tashi daga Fijo ba.

Siffar da ke da dalili

An fara nuna 504 a birnin Paris a shekara ta 1968, kuma kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta. Wagon ɗin ta biyo baya a farkon shekarun 1970, sannan masana'antar Kaduna ta fara aiki a 1975. A wannan shekarar ce kuma Ove Andersson ya lashe tseren Safari na Kenya da 504, abin da ya ƙara mata suna a Afirka.

Sai dai siffar wagon ɗin ba ado ba ce kawai. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya ta kai mita 2.9, ta ɗara ta salun da santimita 16. Rufinta ya ɗan ɗaga daga baya domin na layi na uku su zauna ba tare da sunkuyawa ba. A ƙarƙashi kuma, safirin huɗu ne ke riƙe da bayanta, biyu a kowane gefe, shi ya sa take ɗaukar kayan da salun ba ta iyawa.

Saboda haka mai gyaran da ya rage mata tsawo daga ƙasa, ko ya sa mata faffaɗan wili da siraran tayoyi irin na motocin birni, ya ɓata kamanninta, ya kuma raba ta da amfaninta. Motar da za ta bi hanyar gonakin rake a Kudan cikin watan Agusta tana bukatar tsayinta. Ga shi kuma ramukan wilin 504 ba su dace da na yawancin motocin Japan ba, kuma sake huda wili don a tilasta shi ya shiga kasada ce da rayukan fasinja.

Inda sauyi ke da amfani

Aikin farko na mai walda ne, ba na mai fenti ba. Tsatsa kan ci daɓen motar, da ƙasan ƙofofi, da gindin murfin baya. Idan aka cike ramukan da fila aka fesa fenti, motar za ta yi ƙyalli na damina ɗaya ko biyu, sannan ta fara kumbura. Yanke ruɓaɓɓen ƙarfe a sa sabo ya fi tsada, amma shi ne gyara.

Daga nan sai abubuwan da ido ba ya gani, kuma a nan ne mai mota ke da 'yancin sabuntawa: wayoyin lantarki da suka bushe, bututun birki, lagireto, shok, da bel ɗin kujera. Ana iya maye gurbin kwantak da na'urar ba da wuta ta zamani, wadda ke ɓoye cikin mazauninsa, ta kuma rage wahalar tashi da safe lokacin hunturu. Fitilun gaba ma ana iya ƙara musu haske daga ciki, amma gilashinsu mai kusurwa huɗu shi ne fuskar motar; wanda ya cire shi ya cire abin da ake gane ta da shi daga nesa.

Batun inji shi ya fi raba kan makanikai. Injin 504 na fetur mai lita 2 a kishingiɗe yake a mazauninsa, kuma farfelar da ke kai ƙarfi baya tana cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗe giyabos da bayan motar. Sa injin Toyota da giyarsa na nufin yanka da walda a wurare da dama, kuma ba a cika iya komawa baya ba. Injin 505 kuwa ɗan gida ɗaya ne da na 504, ana kuma samun sa da giya biyar, wadda ke sassauta wa inji a kan babbar hanyar Kano zuwa Zariya. Bisa ga dukkan alamu wannan ce hanya mafi sauƙi ga mai son ƙarfi ba tare da ya yanka motar ba. Ana neman irin waɗannan kaya a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, ko da yake mafi yawansu daga jikin wasu Fijo da aka farfasa suke fitowa.

Tukunyar gas da layi na uku

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, mota mai kabureta ta zama nauyi a aljihu, kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci su riƙa amfani da iskar gas ta CNG. Injin 504 na iya karɓar wannan sauyi, kuma daga waje babu wanda zai gane.

Matsalar tana ciki. Tukunyar gas ɗin doguwa ce mai nauyi, kuma wurin da ya fi dacewa da ita a wagon shi ne bayan motar, inda kaya ko kujerun ƙarshe suke. Direban haya zai yi lissafin kuɗin fasinjan da zai rasa a kowane sawu, da kuma nisan da zai yi daga Paki kafin ya sami gidan da ake ɗura gas. Tukunyar girki ko wadda aka haɗa da walda ba ta ɗaukar matsin wannan iska, kuma sa ta a mota neman gobara ne.

Kowane zaɓi mai mota ya yi, akwai sauran aikin takardu. Idan an sauya inji ko launin fenti, wajibi ne a sanar da ofishin rajistar motoci a gyara bayanan, domin lambar injin da ta saɓa da ta takarda ta isa a tsare mota a shingen bincike.